Zakuna Biyu a Hanyar Madina

Mutumin da ya kai mu Jidda ya ce sunansa Alhaji Tanimu. Har yau ban san ko sunansa ke nan ba. Da muka gama umara ya tara mu a wani ɗaki a Bab Makka, ya karɓi fasfunanmu, ya ce zai kai wa wani Balarabe da zai tsaya mana kafili a yi mana iƙama, wato takardar zama da aiki. Ya fita yana gyara zaman hularsa. Muka yi ta jira har mai ɗakin ya zo ya ce mu ba shi wuri. A ranar na ji sunan da zan amsa shekara da shekaru: takari. Duk baƙin mutumin da ya zo ibada ya maƙale babu takarda, haka ake ce masa.

Ni ba mutumin birni ba ne. Sunana Haruna. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Bauchi, ni kuma da na tasa sai na samu aikin bin sawu a gandun namun dajin da ke kusa da garinmu. Aikina in fita da sanyin safiya in gano inda zakuna suka yada zango, in dawo in gaya wa direbobi su kai baƙi masu ɗaukar hoto. Zakunan dajin nan na san su gida-gida. Na san wadda ta haifi wadda, na san mazan nan biyu da suka ɓullo daga gabas suka kori tsohon da ke riƙe da garken bakin kogi. Da aka zo rage ma'aikata sunana ya fito. Na bar matata Hauwa da tsohon ciki, na ce mata ba zan wuce shekara ba.

Wasu 'yan Katagum ne suka ja ni ɗakinsu a Bani Malik, inda ake kwanciya bi da bi don wurin ba ya ɗaukar kowa lokaci guda. Na wanke motoci, na tura baro, na ɗauki dilolin yadi a ka daga shago zuwa bakin titi. Da wani ya ce "askar", wato 'yan sanda, sai kowa ya watsar da abin hannunsa ya shige lungu. Gudun na iya, zaman ne ya gagare ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙasa. Na saba in dubi ƙasa ta gaya mini wanda ya wuce, da lokacin da ya wuce, da ko a ƙoshe yake. A Jidda ko'ina kwalta ce da siminti, mutum dubu su bi wuri ba a ga alamar ko ɗaya. Ran Juma'a da babu aiki 'yan ɗakinmu sukan miƙe su yi barci, ni kuwa in kama hanya a ƙafa har Ruwais, in tsaya in kalli teku, in rasa abin da ya kawo ni, in juyo.

A wani lungu bayan kasuwa akwai Hajiya Ladi, wata dattijuwa 'yar Gusau mai sayar da tuwo da miyar kuka. Ta daɗe a ƙasar har ta binne miji a can. Ta lura ina cin abinci a tsaye, ta ce ita ba ta zuba wa wanda bai zauna ba. Da na zauna ta tambaye ni sana'ata a gida. Na gaya mata, ta yi dariya har da share hawaye, ta ce a duk takarin da ta ciyar ba ta taɓa samun makiyayin zaki ba. Daga ranar ko ina da abin biya ko ba ni da shi kwanona yana nan.

Ita ta haɗa ni da Bashir. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa suka tsaya a bakin Nilu, a can aka haife shi. Direba ne a gidan wani attajiri, yana da iƙamarsa, Hausarsa kuma rabi Larabci ce. Ya zo cin tuwo, Hajiya ta nuna ni da ludayi.

"Kai ne mai zakin?" ya ce. "Maigidana yana da biyu a gonarsa. Duk wanda aka kawo sai ya gudu. Na ƙarshe ko kayansa bai ɗauka ba."

Na ɗauka zolaya ce. Ya rantse, ya ce in shiga bayan motarsa in kwanta tsakanin buhunan dusa, don akwai shingen askar a hanya.

Gonar tana arewa da gari, a kan hanyar Madina, katanga doguwa ta kewaye ta, ciki dabinai ne da tumaki da gidan hutu. Ban kai ga ganin zakunan ba warinsu ya tare ni. Warin nan ne da nake ji a gindin tsamiya idan garke ya tashi bai daɗe ba. Na tsaya cak, Bashir ya ɗauka tsoro ne ya kama hannuna, bai san gida na tuna ba.

Maza ne biyu, matasa, geza ta fara cika musu wuya. Ɗaya gezarsa baƙa, ɗaya ja. Maigidan ya sa musu sunayen Larabci, amma ni tun ranar na raɗa musu Duna da Jatau, har kowa a gonar ya koma kiransu haka. Kejinsu na ƙarfe ne, daɓen siminti. Duna yana ta kai da komo a jikin ƙarfen har gashin kafaɗarsa ya goge, Jatau yana kwance yana bin sa da ido. In Duna ya gaji sai ya je ya zube a kan ɗan'uwansa, su goga kai, can ya sake tashi.

Da yamma Bashir ya turo maigidan a keken guragu. Ammu Siraj ake ce masa, tsoho ne fari siriri, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki. Ka ci tuwo?" Na kusa faɗuwa. Ashe wadda ta raine shi yana yaro Bahaushiya ce, abin da ya rage masa na harshenta ke nan, da wata 'yar waƙar lallashi. Sauran maganar Bashir ne ya riƙa fassara mana, har Larabcina ya yi ƙwari. Ya tambaye ni abin da nake so a yi musu. Na ce a zuba yashi a kan simintin, a kawo kututturen itace, a buɗe musu fili ta baya. Yashi da itace an kawo a makon. Filin kuwa ɗansa Majid, wanda ke riƙe da dukiyar gidan, ya ce sai an duba, kuma ba a taɓa dubawa ba.

Ammu Siraj da ƙuruciyarsa fataucin katako yake yi ta Mombasa. Idan ya gama ciniki sai ya shiga wani gandun daji na can ya yi makonni yana bin garke ɗaya tak. Uwar garken ya sa mata suna Sitti, wato kaka. Da ciwo ya zaunar da shi, direban da ke yawo da shi a dajin ya riƙa aiko masa kaset ɗin bidiyo duk shekara. Ran Alhamis bayan la'asar sai ya sa a kira ni, in zauna a bakin darduma, a kunna. Ya san su kamar 'ya'yan cikinsa. Zai ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce wannan 'yar Sitti ce, waccan mai tabo a hanci jikarta ce, waɗancan mazan ba 'yan gida ba ne, daga hayin kogi suka zo suka kashe ƙananan da suka tarar. Duna da Jatau ma, in ji shi, jikokin Sitti ne, uwarsu ta ci guba a gawar saniya, wani dillali ya kawo masa su suna jarirai. Ya ce mai yiwuwa ƙarya dillalin ya yi masa, amma shi ya fi son ya yarda.

Gardama muke yi sosai. A wani kaset aka nuna samari uku da aka kora daga garke, kamar yadda ake korar kowane namiji idan gezarsa ta fito. Ba su da ƙasa, ba su da mata, sai yawo da cin saura. Ɗayansu yana ɗingishi da ƙafar baya. Na ce wannan ba zai ga damina ba, na sha ganin irinsa. Tsoho ya ce 'yan'uwansa za su jira shi. Na ce zaki ba ya jiran kowa. Da kaset ɗin shekara mai zuwa ya iso, sai ga su su ukun kwance a kan tudu, mata da 'ya'ya kewaye da su, gurgun yana tsakiya ya yi ƙiba. Ammu Siraj ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa aka mayar da wurin baya aka sake nuna mini, sannan ya ce in zuba wa kaina shayi a kofinsa.

Maganar takardata kuwa kullum "bukra, in sha Allah", wato sai gobe. Tsohon da gaske yake, amma ba ni da fasfo, kuma komai sai ya bi ta hannun Majid. Don haka ban isa in leƙa waje ba. Idan na gama yanka, na wanke keji, na sauya ruwa, sai in kama jikin katanga in yi ta zagayawa har rana ta faɗi. Sawuna ya fitar da 'yar hanya a gindin katangar. Bashir yakan ce masu zagaye a gonar nan biyu ne, Duna da Haruna, shi da Jatau ne kawai masu hankali.

Labarin gida ta hannun Hajiya Ladi yake zuwa, a kaset ɗin rediyo da mahajjata ke kawowa, Bashir ya karɓo mini. Hauwa ta haifi mace, an sa mata Zainabu. A wani kaset na ji Hauwa tana cewa, "Gai da Babanki, ki ce Baba ina wuni." Wata 'yar siririyar murya ta ce, "Baba ina wuni." Ba a kashe rediyon ba, sai na ji yarinyar ta tambayi uwarta a hankali, "Wane ne?" Ranar sai da Bashir ya zo ya tare ni a jikin katanga ya ce abinci ya huce.

A haka shekaru suka shige. Duna da Jatau suka zama ƙarti. Idan suka haɗa ruri da yamma tumakin gonar sukan dunƙule wuri guda, ƙofar ɗakina ta riƙa rawa. Ban taɓa shiga wurinsu ba, ban kuma taɓa mantawa da abin da suke ba, amma sun san muryata. In na kira Duna yakan zo ya jingina gefensa da ƙarfe in sosa masa bayan kunne da sanda.

Ammu Siraj ya rasu cikin azumi. Ni ban je jana'iza ba saboda shingen hanya, a bakin keji na yi masa addu'a. Bayan salla Majid ya zo da wani baƙo mai farar mota daga wajen Riyad, mai son sayen zaki. Majid ba mugu ba ne, zakuna ne ba su dame shi ba, naman da suke ci kawai yake gani. Baƙon ya zagaya kejin, ya nuna Duna. Baƙar gezar yake so, kuma ɗaya tak zai ɗauka.

Na roƙi Majid da duk Larabcin da na iya, inda ya ƙare Bashir ya ɗora. Na ce tun suna cikin uwarsu suke tare, ya ba da su biyun ko da kyauta ne a ƙara ɗayan. Ya ce ya yi tayin, mutumin ya ce keji ɗaya gare shi. Ya dafa kafaɗata.

"Ya Harun, halas, an gama magana. Ka shigar da shi akwati lafiya, ni kuma wallahi zan gyara maka takardarka. In ba ka iya ba, akwai mai bindigar allura."

Na taɓa ganin abin da allurar nan ta yi wa wata zakanya a gida da zafin rana, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Na ce zan yi.

Na hana su abinci har yunwa ta kama su sosai. Aka jingina akwatin ƙarfe a ƙofar keji, na raba su da ƙyauren tsakiya, na ɗaure cinyar raƙumi a can ƙuryar akwatin. Duna ya zo bakin ƙofa ya tsaya yana shinshina. Ya waiwayi Jatau, ya koma, ya sake dawowa. Mutanen baƙon suka fara ƙosawa, ɗayansu ya ɗauko sanda, na ce ya ajiye. Na zagaya bayan akwatin na tsuguna, na kira shi yadda nake kiransa kullum. Ya sa kai ya shiga. Ƙyauren ya faɗo.

Jatau, wanda ban taɓa ganin ya yi gaggawar komai ba, ya taso ya daki ƙarfen tsakiya da ƙirjinsa har kejin ya girgiza. Ya bi motar da ido har ta fita, ya ci gaba da kallon ƙofar gonar bayan an rufe ta.

Akwai wani kira da zaki ke yi idan yana neman nasa. Ba ruri ba ne, wani gajeren nishi ne daga ciki, yana yi yana tsayawa ya saurara. Jatau ya fara shi tun ranar. Na kawo masa hanta, na kawo masa ɗan akuya da ransa, ya kalle shi ya kau da kai, ɗan akuyar ya kwana a gefensa lafiya. Sai ya kama zagayen da Duna ke yi, a kan sawun Duna, har ƙashin bayansa ya fito. Na daina barcin kirki, na daina cin na kirki. Majid bai dawo ba, maganar takarda ma ba a sake tayar da ita ba. Wata safiya na ajiye masa ruwa, ya zo ya tsaya a gabana ya yi wannan nishin yana duban bayana, ko na zo da wani. Na shiga ɗaki na ɗaure kayana a leda. Na nuna wa mai kiwon tumaki yadda ake zuba ruwa da nama daga waje, na ce wa Bashir ya kai ni Kandara.

A Kandara akwai wata gada da takarin da suka gaji suke taruwa a ƙarƙashinta, su jira hukuma ta kwashe su ta mayar da su ƙasarsu. Na tarar da jama'a kwance a kan kwali, mata da tsofaffi, namu da na wasu ƙasashe. Abin dariya, ni da na yi shekara da shekaru ina ɓuya daga askar, yanzu idan motarsu ta ɓullo sai mu tashi da gudu mu tare ta muna ɗaga hannu, ita kuma ta wuce abinta, ko ta ɗauki kaɗan ta bar saura. Rana ta gasa mu, hayaƙin motoci ya cika mana ƙirji. Hajiya Ladi ta ji labari ta riƙa aiko mini tuwo a kwanon sha, tare da saƙon cewa in na isa in nemi ƙanwarta a Gusau in ce tana nan da rai.

Ranar da rabona ya zo, doguwar mota ce ta tsaya, askar ya fara ƙirga maza yana turawa ciki. Ina cikin layi, saura kaɗan a zo kaina, sai na ji ana kiran sunana. Bashir ne, ya bar motarsa a tsakiyar titi yana kutsowa cikin mutane.

Ya ce an dawo da Duna. Can ma ya ƙi ci, ya farfasa fuskarsa a jikin ƙarfe, baƙon da ya ɗauke shi ya ce shi ba zai biya kuɗin gawa ba. Majid ya ce in dawo, wannan karon da kansa zai je ofis.

Ban ma ji ƙarshen maganar ba. Na ce kada a haɗa su kai tsaye, a bar ƙyauren tsakiya a rufe su ga juna tukuna, mazan da suka rabu sukan yi faɗan da ɗaya ba ya tashi.

"Ai an riga an haɗa," in ji Bashir. "Mutanen suna zuwa suka jingina akwatin suka buɗe, suka shiga mota."

"Sai me ya faru?"

"Jatau ya tashi yana tangaɗi. Ya je ya shinshina shi, ya cusa kansa a wuyansa, ya faɗa masa da duk jikinsa har suka zube tare. Da na baro su tunkiya suke ja, wannan ta nan, wancan ta can."

Na tsaya ina kallonsa. Wanda ke bayana ya ture ni, askar ya buga jikin motar da tafin hannu ya ce, "Yalla, ya hajji." Bashir ya riƙo hannun rigata ya tambaye ni me zai ce wa Majid.

Na ce, "Ka ce masa na gode. Ka ce kada ya ƙara sayar da ɗaya."

Na hau. Na samu wuri a jikin taga mai raga, na leƙa. Bashir yana tsaye a inda na bar shi, masu motoci suna ta yi masa ham saboda ya tare hanya, shi ko a jikinsa. Da ya hango ni sai ya ɗaga yatsu biyu sama, ya haɗe su wuri guda, ya riƙe su haka har motarmu ta sha kwana.